Farkon kalma ɗaya, furuci daban: tambaya kan chair, chemist da chef

Yayan Ɗalibai, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da ƙanne biyu 'yan aji shida na sakandare da za su zauna WAEC bana, kuma takardar da ta fi tayar musu da hankali ita ce ta furucin Turanci. Inda suke faɗuwa kusan kullum wuri ɗaya ne: kalmomin da suka fara da haruffa iri ɗaya, amma da an zo faɗa sai kowace ta kama gabanta. Ga misali daga tsohuwar takardar da suke bita. An ja layi ƙarƙashin ch na chemist, aka ce a zaɓi kalmar da ke da wannan sautin tsakanin chair, kettle, shop da city. Su biyun duka chair suka zaɓa, amsa kuwa kettle ce.

Haka abin yake a ɓangaren ma'ana. An koya musu cewa duk kalmar da ta fara da in korewa take yi, kamar incorrect da incomplete. To sai ga tankar mai a titin Zariya an rubuta mata Highly Inflammable da jan fenti, ƙaramar ta ce ai wannan na nufin ba ya kama wuta.

Tambayata ita ce: akwai ƙa'idar da mutum zai riƙe, ko kuwa sai dai haddar kalma ɗaya bayan ɗaya? Idan akwai, don Allah a warware mana ita dalla-dalla yadda zan iya zaunar da su in koya musu da daddare. Allah ya saka da alheri.

Malamin Turanci, Bukuru:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ba ƙannenka sa'a. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne, sabo ne. Rubutun boko na Hausa ya saba mana da harafi ɗaya sauti ɗaya: in ka ga c ka san na ciki ne da cokali, ba zai taɓa rikiɗa ya zama k ba. Turanci kuwa haruffa 26 gare shi, amma sautukan lafazin Ingila da ake koyarwa a makarantunmu 44 ne, wasula 20 da baƙaƙe 24. Ka ga dole harafi ɗaya ya ɗauki kaya biyu ko uku. Ƙari a kan haka, harshe ne da ya yi aro da yawa daga Girkanci da Latin da Faransanci, kuma sau da yawa yakan bar wa kalmar aro rubutun gidansu. Don haka abin da za ka koya wa yara su riƙa tambaya shi ne: daga ina kalmar nan ta fito?

Ch sauti uku gare shi a farkon kalma.

Na farko shi ne c namu na Hausa, kuma shi ne mafi yawa. Kalmomin yau da kullum ne: chair, child, cheap, church, choose, chicken, change, charge, chalk. In yaro bai san kalma ba kwata-kwata, kuma babu wata alama, wannan ne zai zata.

Na biyu shi ne k, kuma kalmomin Girkanci ne. Girkawa suna da harafi guda da Romawa suka riƙa rubutawa da ch, shi ne ya biyo har Turanci. Alama biyu ake gane su da ita. Ta ɗaya ba ta ƙarya: duk inda r ko l ya biyo bayan ch a farkon kalma, to k ne. Christmas, chronic, chrome, chlorine, chloroquine. Ta biyu ita ce fagen da kalmar take: kimiyya, likitanci da kiɗa. Chemist, chemistry, cholera, cholesterol, chorus, chord, choir. Sai wasu 'yan kaɗan da za a haddace: character, wato hali ko ɗan wasa a labari, chaos, wato hargitsi, ana faɗinta keyos, charisma, wato kwarjini, da chameleon, hawainiya. A kula da choir sosai, domin rubutunta bai yi kama da faɗinta ko kaɗan ba: kwaya ake cewa, da k marar lanƙwasa.

Na uku shi ne sh na shinkafa, kuma daga Faransanci suke. Yawancinsu na abinci ne da sutura da ƙawa da mota: chef, champagne, chiffon, chandelier, chalet, chauffeur, chassis. Sunan birnin Chicago ma haka, Shikago. Wannan chassis ɗin da kanikawan Farin Gada da masu takardun mota suke kira casis, a jarrabawa shasi ce, s ɗin ƙarshe ba ya fita.

Akwai abin da ke rikita masu zurfin karatu a nan, gara in faɗe shi. Chair da change da chance da chief su ma daga Faransanci suke, to me ya sa ba sh ba? Lokacin shigowa ne ya bambanta. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci sun kwararo cikin Turanci, a zamanin kuwa Faransawa kansu c suke faɗa. Daga baya bakinsu ya sauya zuwa sh, sai kalmomin da aka aro a baya-bayan nan suka zo da sabon sauti. Chief da chef kalma ɗaya ce asalinsu, ma'anarta shugaba. An aro ta sau biyu, ɗaruruwan shekaru tsakani: ta farko ta zama shugaban jama'a, ta biyu shugaban masu girki.

Yanzu ga dabarar da na fi so a ba yaran Hausawa, domin tana bakinsu tun suna ƙanana. Kalmomin Turanci da suka shigo Hausa ta kunne suka shigo, ba ta takarda ba, shi ya sa da yawansu suka riƙe sautin gaskiya. Muna cewa canji, caji, coci, ciyaman, cingam: duk c. Muna cewa kyamis, kwalara, Kirsimeti: duk k. Muna cewa mashin, ga ch na machine ya fito sh. Yaron da ke zuwa kyamis sayo magani ya riga ya san amsar waccan tambayar, bai dai haɗa ta da rubutun ba ne.

Ka rubuta musu waɗannan a jere su faɗa da ƙarfi: charge, character, charade. Haruffa huɗu na farko iri ɗaya, sauti uku. Sannan chop, chorus, chocolate, cholera.

Wannan dabarar tana aiki a wasu wuraren. Muna cewa awa ɗaya, awa biyu, domin h na hour ba ya fita, kamar na honest, honour da heir, magaji. Muna cewa injin ya yi nokin, domin k na knock bebe ne, kamar na knee, knife, know, knot. Turawan da can suna faɗin wannan k ɗin, daga baya ya faɗi daga baki ya zauna a takarda. Haka w na write, wrong, wrist, wrap. Sai un: a unhappy, uncle, under, until, an ake ji, a uniform, union, unit, university kuwa yu ake ji, kamar yadda kowa a garin nan yake cewa Yunijos. Dalili shi ne na biyun ba un ba ne, uni ne, mai nufin ɗaya. Daga nan kuskuren nahawu ke fitowa: an umbrella, an hour, amma a university, a uniform. Sauti ake bi, ba harafi ba.

Malama, Rikkos:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina so in sa wa dabarar kalmomin aro linzami, kada yara su ɗauke ta ƙa'ida marar togiya. Muna cewa otal da asibiti, alhali h na hotel da hospital yana fita sarai. Muna cewa suga, Bature kuwa da sh yake fara sugar, kamar sure. A yi amfani da ita wajen tunawa, amma ƙamus ne alƙali.

Ni th nake so in tsaya a kai, domin nan ne bakinmu ya fi nauyi, kuma a nan Jos kuskuren kala biyu ne. Bahaushe yakan mayar da shi s ko z, ya ce sink a maimakon think, zis a maimakon this. Maƙwabtanmu da yawa kuma t da d suke sawa, tink da dis. Yaron da ya tashi a garin nan yana jin duka biyun, sai ya ɗauka ɗayansu ne daidai. Babu na daidai a cikinsu, kuma masu shirya jarrabawa sun san haka, shi ya sa za ka ga sun jera thank, tank da sank a tambaya ɗaya, ko three da tree, ko then da den.

Abin farin ciki shi ne duk yaron da ya yi tajwidi a Islamiyya ya riga ya mallaki sautukan nan biyu. Th na think shi ne ث, th na this shi ne ذ. Mafitarsu ɗaya: tsinin harshe ya taɓa gefen haƙoran gaba na sama, iska ta bi ta tsakani. Hausa ba ta da su, shi ya sa da muka aro kalmomin Larabci muka sauya su: Usman, Talata, tamanin, zikiri, zunubi. Malamin tajwidi ya sha wahalar gyara wannan a bakin yaro, sai a ce masa ya ɗauko harshen nan na Islamiyya ya kawo ajin Turanci. A ba shi madubi: in bai hango tsinin harshensa ba lokacin da yake cewa three, bai faɗa daidai ba.

Bambancin biyun kuwa ziza ce. Ya ɗora yatsa biyu a maƙogwaro. A this zai ji karkarwa tun daga farko, a think ba zai ji ba sai wasali ya shigo.

Yaya za a san wanne ne a farkon kalma? Nan akwai ƙa'ida mai kyau. Ƙananan kalmomin nahawu, masu nuni da wakiltar suna da haɗa zance, su ne masu ziza: the, this, that, these, those, they, them, their, there, then, than, though, thus. Ba su da yawa, a rana ɗaya za a haddace. Sauran kalmomi masu ɗauke da ma'anar kansu marasa ziza ne: thief, thumb, thousand, Thursday, thick, throat, thread, thunder. Sai 'yan tsiraru da h ɗinsu bebe ne, t zalla ake faɗa: Thomas, Thailand, kogin Thames da ake kira Temz, da thyme ɗin da muke sawa a miya da soyayyar shinkafa, wanda faɗinsa daidai yake da time.

Ga wasu huɗu da ya kamata a manna a bangon ɗaki, domin ido yana ganinsu kamar tagwaye:

Though, ko da yake. Mai ziza ce, tana ƙarewa da wasalin go.
Thought, tunani ko ya yi tunani. Marar ziza, o mai tsawo, sannan t.
Through, ta cikin abu. Marar ziza, ru mai tsawo, faɗinta ɗaya da threw.
Thorough, aiki na tsaf da ba a bar komai ba. Gaɓa biyu ce, a lafazin Ingila kusan thara.

Sai p, wadda ita ma tsohuwar matsalarmu ce tunda fensir da fetur da firamare da fasfo duk da f muka karɓe su. A farkon kalma abu uku take yi. In ita kaɗai ce ko da r ko l, leɓɓa biyu ake rufewa a sake su da iska: pen, pray, plan. A riƙe 'yar takarda gaban baki, in ta motsa da ƙarfi an yi daidai. In ph ce, to f ce ta Turanci, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa: phone, photo, pharmacy, physics, phrase. In kuwa ps ce ko pn, p ɗin ba ya fita sam: psychology, psychiatrist, psalm, pneumonia. Ga nimoniya nan da iyaye ke tsoro lokacin sanyin Jos, babu mai sa mata p. Inda yara ke zamewa shi ne, da an matsa musu su daina cewa fen a maimakon pen, sai su wuce gona da iri su koma cewa pon a maimakon phone. A riƙa haɗa musu su a jimla ɗaya har bakin ya rarrabe.

Yayan Ɗalibai, Unguwar Rogo:

Na gode ƙwarai Malam da Malama, na kwafe duka a littafi. Batun ث da ذ ya shige su nan take. Saura guda: tambayoyin da ake rubuta gaɓa ɗaya da manyan haruffa. Sun ga record a wuri biyu, a ɗaya an manyanta RE, a ɗaya CORD, suka ce kuskuren bugu ne. Kuma com na company, common da computer, shin duk ɗaya ne?

Tsohon Mai Duba Jarrabawa, Nasarawa Gwom:

Ba kuskuren bugu ba ne, ɗana. Wannan shi ne rabin matsalar da ba a ambata ba tukuna. Hausa da karin sauti take rarrabe kalmomi, hawa da sauka, kuma kowace gaɓa tana samun haƙƙinta a baki. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa a kalma, ta fito da ƙarfi da tsawo, sauran kuma a murƙushe su. Wasalin gaɓar da aka murƙushe yakan koma wani ɗan raunanan sauti, tsakanin a da e, wanda da ƙyar ake ji. To kalmomi biyu za su iya farawa da haruffa ɗaya, amma a ɗaya farkon ne aka danna, a ɗaya kuma an murƙushe shi. Dole su fita daban.

Ɗauki com ɗin da ka tambaya, kashi huɗu ne. A common, comma, comment, compound an danna farko, o ne gajere a buɗe. A come, comfort, company, compass an danna farko, amma a ake ji, kuma Hausa ta kama wannan daidai da ta ce kamfani. A compare, complete, computer, committee, commissioner nauyin yana gaɓa ta biyu, com ɗin ya raunana. Sai comb, mataji, ita kaɗai a gefe: wasalin go, b kuma bebe. A lura da committee musamman. Kusan kowa a ƙasar nan ƙarshenta yake dannawa, a jarrabawa kuwa comMITtee ce.

Batun record ƙa'ida ce mai faɗi. Kalmomi da yawa masu gaɓa biyu, in suna ne a danna farko, in aikatau ne a danna ƙarshe. REcord, ajiyayyen bayani. ReCORD, ɗauka ko rubutawa. PROduce, amfanin gona, proDUCE, samarwa. CONduct, hali, conDUCT, gudanarwa. CONvict, wanda aka yanke wa hukunci. ConVICT, kama mutum da laifi a kotu. PREsent, kyauta, preSENT, gabatarwa. Wasu har ma'anar ta rabu gaba ɗaya. REfuse shara ce, tana ƙarewa da s. ReFUSE ƙin yarda ne, yana ƙarewa da z. DEsert hamada ce. DeSERT gudu a bar mutum ko bakin aiki. DesSERT mai s biyu kuma kayan zaƙi na bayan abinci, faɗinta ɗaya da aikatau ɗin.

Yadda yaro zai gane a jimla: ya dubi abin da ya gabaci kalmar. In the ne ko a ko my, suna ne. In to ne ko will ko wakilin suna irin they, aikatau ne.

Inda ƙa'idar ke karyewa, kuma nan ake kafa tarko: report, respect, request, result, reply, control duk ƙarshe ake dannawa ko suna ne ko aikatau. Promise da comment kuma farko ake dannawa a duka biyun. Waɗannan sai hadda.

A dogayen kalmomi, wutsiya ce ke juya kai. Ɗafa-ƙeya irin ic, ical, ity, tion da ian suna jawo nauyi zuwa gaɓar da ke gabansu daf. Shi ya sa dangi ɗaya suke fita daban-daban: PHOtograph, phoTOgrapher, photoGRAphic. Haka eCOnomy da ecoNOmic. Ga wani gida da nake so a yi wa yara bita a kai sosai, domin kullum suna jin kalmomin a rediyo: POlitics, poLItical, poliTIcian, POlicy, poLICE, poLITE. Shida ne, farkonsu ɗaya, nauyin yana yawo. Politics ta saɓa wa ƙa'idar ic, a riƙe ta haka nan.

Ex ma nauyin ne ke hukunta shi. In gaɓar da ta biyo baya ta fara da wasali kuma ita aka danna, gz ake ji: exAM, exAMple, exACT, exIST, har da exHAUST da exHIbit inda h bebe ne. In farkon aka danna, ko baƙi ya biyo baya, ks ne: EXercise, EXcellent, exPECT, exPLAIN. Shi ya sa exhibit take da gz amma exhibition take da ks, domin nauyin ya tashi daga wurin.

Sai rec, wanda c ɗinsa ke bin harafin da ya biyo bayansa. Gaban e ko i, s ne: receive, recent, recite, recipe, receipt. Gaban o ko baƙi, k ne: record, recognise, recruit. Recipe gaɓa uku ce, resipi, tsarin girki. Receipt gaɓa biyu, p bebe, ita ce rasit ɗin da ake ba ka a kanti.

Takardar nan tambaya 60 ce cikin minti 45, wato daƙiƙa 45 kowace tambaya. Babu lokacin dogon nazari. Yaro ya motsa leɓɓansa ya faɗi kalmar a hankali, kunnensa ya yanke hukunci, kada ya bar wa ido.

Ma'aikaciyar Lafiya, Dilimi:

Sannunku da ƙoƙari. Ba a amsa batun tankar mai ba, kuma shi ne wanda kuskurensa ya wuce faɗuwa jarrabawa.

In kala biyu ne a Turanci, duka daga Latin. Akwai na korewa: incorrect, invisible, incomplete, wanda yakan rikiɗa ya zama im, il ko ir, kamar impossible, illegal, irregular. Akwai kuma mai nufin ciki ko shigarwa: include, inject, import. Inflammable daga inflame take, wato cinna wuta, don haka ma'anarta mai saurin kamawa da wuta, daidai da flammable. Abin da ba ya kamawa non-flammable ake rubuta masa. Don Allah a gaya wa yarinyar nan yau, domin rubutun nan yana jikin tukunyar gas da gwangwanin maganin sauro na fesawa da ke cikin gida.

Gwajin da za a koya musu: a cire in ɗin, a ga ko abin da ya rage kalma ce, kuma kishiyar ta farkon ce. Incorrect, a cire, saura correct, ya yi. Inject, a cire, saura abin da ba kalma ba, to ba korewa ba ce. Akwai masu tsallake wannan gwajin, ga biyu daga ciki. Invaluable ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Infamous kuma ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne, kuma farkonta ake dannawa, INfamous.

A fagen asibiti akwai tagwayen da harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu amma gabas da yamma suke. Hyper yawa ne, hypo ƙaranci. Hypertension hawan jini, daga 140 bisa 90 zuwa sama. Hypotension faɗuwar jini, ƙasa da 90 bisa 60. Hyperglycaemia sukari ya hau, hypoglycaemia sukari ya faɗi. In ana magana da sauri kusan ɗaya suke fita a kunne, saboda haka mai jinya ya karanta abin da aka rubuta a kati da idonsa, in bai gane ba ya tambaya da Hausa: hawa ya yi ko sauka? Mai ciwon suga da sukarinsa ya faɗi abu mai zaƙi yake buƙata nan take, ba ƙarin maganin saukarwa ba.

Ante kafin ne, anti yaƙi da abu. Antenatal awon ciki, wato kafin haihuwa. Antibiotic da antimalarial magungunan yaƙi da ƙwayoyin cuta da zazzaɓin cizon sauro. Inter tsakani, intra cikin abu ɗaya: interstate motar da ke fita daga Filato zuwa Bauci ko Kaduna, intrastate wadda ba ta fita jihar, intravenous abin da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa.

Pre da pro da per su ma suna kayar da manya, ba yara kaɗai ba. Prescribe likita ya rubuta magani. Proscribe hukuma ta haramta ƙungiya. Precede gabata, proceed ci gaba. Prosecute gurfanarwa gaban kotu; persecute zalunta da tsangwama. PERsonal na ƙashin kai, personNEL ma'aikata. Principal shugaban makaranta ko uwar kuɗi, principle aƙida ko ƙa'ida, faɗinsu kuwa ɗaya ne, jimla ce kaɗai ke raba su. Biannual sau biyu a shekara, biennial sau ɗaya a shekara biyu.

Malamin Turanci, Bukuru:

Gyaran Malama a kan otal da asibiti daidai ne, na karɓa. Ɗan'uwa, ga yadda za ka tsara zaman dare.

Ka sayo littafin rubutu guda, kowane shafi na farkon kalma ɗaya: shafin ch, shafin th, shafin com, haka. Ka raba shafin gida-gida bisa sauti, a saman kowane gida a rubuta alamar sautin yadda take a ƙamus, domin akwai sashen da da alamomin ake tambaya: /tʃ/ na chair, /k/ na chemist, /ʃ/ na chef, /θ/ na think, /ð/ na this. Kowace kalma a rubuta mata ma'ana da Hausa, a manyanta gaɓar da ake dannawa. Kalma goma a dare ta isa, fiye da haka zubewa suke yi. A fara kowane zama da goman jiya kafin a ƙara sababbi.

Ƙamus na waya irin na Oxford ko Cambridge yana da maɓallin sauti biyu, na Ingila da na Amurka. Na Ingila za a danna. Su saurara sau biyu, su faɗa, ka ɗauki muryarsu a waya, su ji kansu kusa da na ƙamus. Yaro ba ya jin kuskurensa yana cikin magana, sai an sake kunna masa.

Bambancin Ingila da Amurka yana da muhimmanci a shafin sch. School, scheme, scholar duk sk ne a ko'ina. Schedule kuwa a tsohon lafazin Ingila da sh take farawa, a Amurka da sk, kuma yaran yanzu na Amurka suka fi ji a finafinai. A jarrabawa su bi na Ingila. A shafin sc kuma, gaban e ko i c ɗin bebe ne, science, scene, scent, scissors, ban da sceptic mai sk.

Ka gwada su da waɗannan daren yau, kowace ƙungiya su fitar da bare a cikinta: who, whole, whose, which; gentle, general, gear, gender; quick, quiet, queue, quite; honest, honey, honour, hour. In sun kawo amsa ka turo mu duba.